Sanin biro da sanin sanda



Akwai maganganu uku waɗanda duk wanda ya saba zaman taro a kan sha'anin kiwo, a Yamai ne ko Njamena ko Garwa, ya ji su har ya hardace. Ta farko, wai bisashe sun yi wa daji yawa. Ta biyu, wai makiyayi ba ya tattalin ciyawa tun da ba tasa ba ce. Ta uku, wai saboda waɗannan biyun ne hamada take gurgusowa kudu kowace shekara. Mai jawabi yakan jero su cikin natsuwa, ya rufe da cewa haka masana suka tabbatar. Daga nan wakilan makiyaya sai su sunkuyar da kai, don wa zai yi gardama da masana?

To, masanan da kansu sun warware mafi yawan wannan magana yau fiye da shekara talatin. Abin tambaya shi ne, me ya hana ta mutuwa? An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan rami an daɗe ana tafiya cikinsa ba a kai ƙarshe ba. Likitan bisashe ba shi da amsar wannan tambaya, mai auna ruwan sama ma haka. Masu amsarta su ne malaman da ke nazarin zaman jama'a, waɗanda suke bin diddigin yadda ake haifar ilimi, da gidan da yake girma, da wanda yake ci da shi.

Bari mu fara da hamada. A 1934 wani Baturen Ingila, malamin ilimin gandun daji mai suna Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga rairayi da itatuwa tsirara, ya koma gida ya rubuta a 1935 cewa Sahara na tafe za ta cinye ƙasar. Ingila da Faransa suka tsorata, suka haɗa kwamiti ya bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 da 1937. Kwamitin ya dawo ya ce ya ga ɓarna nan da can, amma bai ga hamada na mamaye ƙasa ba. Rahoton kwamiti ya kwanta cikin akwati, maganar Stebbing kuwa ta ci gaba da yawo.

Bayan farin 1973 sai ta sake tashi da ƙarfinta. A 1975 wani masani mai suna Hugh Lamprey ya kewaya arewacin Sudan cikin ƙaramin jirgin sama, ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958, ya ce hamada ta matso kilomita 90 zuwa 100 cikin shekara 17, watau kilomita biyar da rabi kowace shekara. Wannan lissafi ya shiga jaridu da jawaban manya. Amma dubi abin da aka gwada: taswirar an zana ta ne cikin shekarun da damina ta fi albarka, shi kuwa ya yi shawaginsa a ƙarshen babban fari. Ko yaron da ke bin awaki ya san ba a gwada dajin shekarar ƙoshi da na shekarar yunwa a ce ƙasa ta mutu. Wani masani daga Suwidin, Ulf Helldén, ya bi sawun wuraren da hotunan sama bai sami wannan tafiya ta hamada ba. A 1991 kuma Compton Tucker da abokan aikinsa a Amurka suka fito da abin da tauraron ɗan'adam ya nuna: daga 1980 zuwa 1984 bakin Sahara ya yi kudu da kilomita 240, daga 1984 zuwa 1985 ya koma arewa da kilomita 110. Ashe bakin hamada kai da kawowa yake yi, yana bin ruwan sama, kamar yadda garke yake yi.

Har ma an taɓa ɗora wa makiyayi laifin rashin ruwan saman kansa. A 1975 wani masanin yanayi, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan aka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, hadari ya kasa haɗuwa. Shi dai ra'ayi ya kawo don a gwada, amma waɗanda suka ɗauka suka mai da shi hukunci. Sai a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa babban abin da ya jawo farin Sahel na shekarun 1970 da 1980 shi ne sauyin zafin ruwan tekuna. Wasu masanan kuma suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka yana da hannu a ciki. Shekara kusan talatin ana zagin akuya, alhali maganar tana can cikin teku.

Magana ta biyu, ta rashin tattali, ita ma tana da uba. Garrett Hardin ne, wani malamin ilimin halittu a Amurka, ya rubuta a 1968 cewa makiyayar da kowa ke da haƙƙi cikinta dole ta lalace, don kowa zai yi ta ƙara dabba, ribar tasa, hasarar ta kowa. Mutumin nan bai yi bincike cikin makiyaya ba. Damuwarsa yawan haihuwar ƴan'adam ce, makiyayar kuwa misali ce kawai ya aro daga wani tsohon rubutu na 1833. Daga baya shi da kansa ya ce kamata ya yi ya ce makiyayar da ba ta da tsari. Elinor Ostrom ta tattara shaidu daga ƙasashe da yawa cikin littafinta na 1990, ta nuna jama'a na iya riƙe dukiyar tarayya ɗaruruwan shekaru ba ta lalace ba. Cikin misalanta akwai ƙauyen Torbel a duwatsun Suwizalan, inda tun 1517 aka rubuta dokar cewa kada kowa ya kai shanu makiyayar gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu. A 2009 aka ba ta lambar Nobel ta tattalin arziki, ita ce mace ta farko da ta samu.

Mu nan ba sai mun je Suwizalan ba. Tsarinmu a bakin rijiya yake. Wanda ya gina rijiya, ko kakansa ya gina, shi ke da fifiko a kanta. Ba a hana baƙo ruwa, amma sai ya yi sallama, a yi shawara, a yanka masa kwanakin da zai yi. Da yake dabba ba ta iya nisa da ruwa da rani, mai riƙe da rijiya shi ne mai riƙe da ciyawar da ke kewaye da ita, kuma ƙarfin wasaki da na ruwan rijiyar su ke iyakance yawan garken da zai zauna. Ba takarda, ba shinge, amma doka ce. Da gwamnatin Nijar ta shiga kafa manyan fanfuna masu inji a yankin kiwo wajen 1960, da kyakkyawar niyya ta yi, sai dai ruwan gwamnati na kowa ne, ba wanda ake yi wa sallama. Garkuna suka yi ta kwararowa daga ko'ina, kewayen fanfo ya zama fako. Edmond Bernus, Bafaranshen da ya daɗe cikin Abzinawan Illabakan, ya ba da labarin yadda su da kansu suka roƙi hukuma ta rufe fanfon In Wagar. Watau makiyayar da ba ta da tsari, irin wadda Hardin ya kwatanta, biro ne ya ƙirƙiro ta a dajinmu, sa'an nan biro ya dawo ya nuna ta da yatsa ya ce ga halin makiyaya.

To me ya sa biro yake haka? Ba don ma'aikata mugaye ne ba. Da yawansu ƴaƴan talakawa ne, wasu ma a ruga aka yanke musu cibi. Max Weber, Bajamushen da ya rasu a 1920, ya bayyana cewa ƙarfin biro a takarda yake: abin da aka rubuta, aka ƙidaya, aka ajiye cikin fayil, shi ne abin da biro ya sani. James Scott, cikin littafinsa na 1998, ya ce abin da ya fara sa shi bincike shi ne ganin yadda hukuma a ko'ina take zaman doya da manja da mutanen da ba su zama wuri guda. Dalilin da ya gano mai sauƙi ne. Hukuma tana son jama'a da ƙasa su zama abin da za ta iya karantawa daga nesa. Gona tana da iyaka huɗu, tana da mai ita, tana nan inda aka bar ta bara. Garke kuwa yau yana Abalak, wata uku yana Ingal, da rani ya tsallaka iyaka. Tun zamanin jangali mai ƙidaya da mai garke suke wasan ɓuya.

Don biro ya iya karanta daji sai ya ƙera wata dabba, wadda ni nake kira saniyar takarda. Nauyinta kilo 250, tana cin kilo shida da kwata na busasshiyar ciyawa kullum, ba ta rama, ba ta zaɓen abinci, ba ta tafiya. Raƙumi da tunkiya da akuya duk sai a juya su da lissafi su koma wannan saniya, a raba da ciyawar da aka ƙiyasta, a ce ga iyakar abin da daji zai ɗauka. Lissafin yana da amfaninsa wajen faɗakar da gwamnati cewa bana akwai giɓi, a tanadi dusa. Amma wannan ilimi na iyakar ɗaukar daji an gina shi ne a gandayen kiwo masu shinge na Amurka. A 1988 Jim Ellis da David Swift, bayan shekaru suna bincike cikin makiyayan Turkana a Kenya, suka nuna cewa inda damina ba ta da alkawari, ruwan sama ne ke hukunta ciyawa fiye da yawan baki, kuma fari yakan rage garke tun bai kai ga cinye dajin ba. A irin wannan ƙasa tafiya ita ce dabara. Tun 1983 ma wasu masana biyu na Holan, Breman da de Wit, sun auna a Mali sun ga cewa a fili mai faɗi ɗaya, garken da ke tafiya yana ba da nama da nono fiye da gandun shinge na Amurka da Ostareliya masu irin wannan ƙarancin ruwa, wani wurin ninki biyu, wani wurin fiye da haka nesa.

Saniyar takarda ba ta san abin da Saverio Krätli ya tarar wajen Woɗaaɓe na Nijar ba: mutane masu riƙe da asalin kowace saniya a ka, uwa da kaka da kakar kaka, masu zaɓen bijimi da lura, masu renon garken da ya iya tsince ciyawa mai amfani ya bar marar amfani. Wannan ba ilimi ba ne? Ilimi ne, sai dai ba shi da fayil.

Sai kuma mazaunin biro, watau birni. Robert Chambers ya lissafa a 1983 irin son-kan da ke cikin ziyarar da ma'aikacin birni yake kai wa karkara. Yana bin kwalta, ya tsaya inda kat-kat ta iya kaiwa. Yana zuwa bayan damina, lokacin da hanya ta bushe. Ana kai shi inda furoje yake aiki. Yana magana da mai gari da masu baki, maza, ya juya kafin la'asar. Ku duba inda irin wannan baƙo zai ga shanu: bakin fanfo, bakin kasuwa, bakin hanya, wuraren da kofato ya fi tattakewa a duk faɗin dajin. Abin da ya gani gaskiya ne, amma ya leƙa ta kafar ƙofa ne ya ce ya ga ɗaki. Ibn Haldun ya rubuta tun 1377 cewa mutanen daji su ne tushen mutanen birni, kuma birni ne matattarar sana'o'i da karatu. Ga shi kuwa har yau alƙalami yana birni, abin da ake rubutawa a kansa yana daji. Yamai da take da mutum wajen dubu 30 a 1960 ta haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, kuma yaran da suka tashi cikinta, waɗanda za su riƙe birori gobe, da yawansu ba su san saniya ba sai a mahauta, ko ranar da garke ya tare musu titi.

Kada wani ya ce wannan cutar baƙar fata ce ko ta rashin zuwa makaranta. A 1986 tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe, iska ta ɗauki gubar, ruwan sama ya sauke ta a duwatsun Kambiriya a arewacin Ingila, ƙasar masu kiwon tumaki. Masanan gwamnati suka hana sayar da tumakin, suka ce mako uku ne gubar za ta wuce. Sun yi lissafinsu ne da ƙasa mai laka, wadda ke riƙe gubar, alhali ƙasar duwatsun mai tsami ce, tana mayar da ita cikin ciyawa. Da suka zo gwaji suka tsare tumaki cikin shinge, makiyayan suka ce musu tumakin dutse ba su saba da tsarewa ba, za su lalace gwajin ya ɓaci. Ba a saurare su ba, haka kuwa aka yi. Mako uku ya zama shekara 26, don sai a 2012 aka ɗage hanin daga gonakin ƙarshe. Brian Wynne na jami'ar Lankasta, wanda ya bi wannan labari, ya nuna cewa makiyayan ba ilimi suka ƙi ba. Sun daina yarda ne da hukumar da ba ta iya cewa ban sani ba. Turawa ne, sun yi makaranta, harshensu ɗaya da masanan, amma da yake sanda ce a hannunsu ba alƙalami ba, sanin nasu bai shiga lissafi ba.

Na san wani zai ce, to kai so kake mu watsar da boko mu koma ga abin da muka gada? A'a. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin bushiya, wadda ta share garkunan ƙasashen nan wajen 1890 ta kuma sake dawowa farkon shekarun 1980, ba zai raina allura ba. Rigakafin da Walter Plowright ya haɗa da gangamin da aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Cadi sun ceci dukiyar da ba ta ƙidayuwa, kuma a 2011 aka bayyana cewa cutar ta ƙare a duniya. Amma a tuna yadda aka ci ƙarfinta a wuraren da ta fi maƙalewa, kamar ƙasar Afar ta Habasha da kudancin Sudan: an sami allurar da ke jure zafi, aka koya wa makiyaya yin ta da hannunsu, likitoci kuma suka zauna suka tambaye su inda cutar take ɓuya. Kuma waɗanda suka warware maganar Stebbing da Lamprey da Hardin ai masana ne su ma. Ilimin kimiyya yana gyara kansa. Biro ne ba ya son gyara, don furoje da kasafin kuɗi da kujeru an riga an gina su a kan tsohuwar magana. Mu ma akwai abin da sanda ba ta sani ba. Maganin dabbobi na jabu da ake saye a kasuwa, da rabin allura da ake yi wa saniya don tsimi, ba gadon kakanni ba ne, ɓarna ce.

Akwai kuma masu cin riba da tsohuwar maganar, wannan kam a faɗe shi a fili. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, shanu da yawa sun fita daga hannun masu su a kan kuɗi ƙalilan, suka koma hannun ƴan kasuwa da manyan ma'aikata na birni, mai garke ya zama ɗan kiwon haya ko mai gadi a ƙofar wani. Wanda ke son ya kewaye daji da waya ya kira shi gandun zamani, ba abin da ya fi masa daɗin ji kamar a ce kiwon tafiya ɓarna ne, kuma masana sun tabbatar.

Don a sami bakin mayar da magana ne aka kafa ƙungiyoyin makiyaya, AREN a Nijar a 1990, MBOSCUDA a Kamaru a 1992, da sauransu. Sun kuwa yi aiki. Dokar kiwo ta Nijar ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince cewa tafiya da bisashe haƙƙi ne na asali, ta kuma hana wani ya mallake makiyayar jama'a, ba daga sama ta faɗo ba. Shekaru aka yi ana ja-in-ja kafin a same ta. Sai dai laifi tudu ne. Robert Michels ya yi nazarin jam'iyyar ma'aikata ta Jamus ya rubuta a 1911 cewa kowace ƙungiya, ko da don talakawa aka kafa ta, in ta girma sai ta haifi ƴan tsirarun da suka iya takarda, su riƙe ta, har buƙatarsu ta rabu da ta waɗanda suka zaɓe su. Ƙungiyar makiyaya ba ta fi ƙarfin wannan ba. Tana buƙatar biro a babban birni don nan ne ministoci da masu ba da tallafi suke. Biro yana buƙatar mai Faransanci. Mai ba da tallafi yana da kalmomin da yake son ji, kuma rahoton da ya faɗi abin da ya saba ji ya fi saurin kawo kuɗi. Ta haka ne za ka iske takardar neman tallafi da aka rubuta da sunan makiyaya ta buɗe da cewa hamada na gurgusowa saboda yawan dabbobi, watau an sa hannu a kan takardar tuhumar kai don a sami kuɗin taro.

Abin da nake nema ga shugabannin ƙungiyoyi bai fi ƙarfinsu ba. Duk takardar da za ta fita da sunan makiyaya a karanta ta da Fulatanci ko Tamajak ko Hausa gaban waɗanda ke bin garke kafin a sa mata hannu. Yaranmu da suka kai jami'a a tura wasunsu su karanci ilimin makiyaya da dokar ƙasa, su san sunayen nan da na ambata da shekarunsu, don ranar da mai jawabi ya ce masana sun tabbatar, a sami mai ɗaga hannu ya ce waɗanne, a wace shekara. In ma'aikata sun fito ƙiyasin ciyawar bana, ƙungiya ta nemi a tafi da garso, mutumin da aikinsa ke nan tun yana saurayi, ya riga garke ya dubo daji ya dawo ya ce a bi nan, kada a bi can, kuma abin da ya faɗa a rubuta shi da sunansa kusa da na injiniya. Babban taron shekara kuma, ko sau ɗaya cikin uku, a fitar da shi daga otal a kai shi bakin rijiya cikin watan Afrilu, a gayyaci darektoci da masu ba da tallafi su kwana biyu a can. Wanda ya ce zafi ya hana shi zuwa, a rubuta hakan cikin rahoton taro.